Tarihin Sana'ar Zanen Littattafan Yara a Ingila

Zana hotunan littattafan yara bai daɗe da zama sana'ar da mutum zai riƙe ya ci abinci da ita ba, domin sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ne aka fara samun masu zane a Ingila waɗanda ake sayen littafi saboda sunansu. Abubuwa biyu ne suka kawo wannan sauyi, kuma kafaɗa da kafaɗa suka tafi. Na farko shi ne bunƙasar fasahar ɗab'i, wadda ta sa zanen da ya fito daga hannun mai shi ya riƙa isa kan takarda ba tare da ya lalace a hanya ba, na biyu kuwa shi ne sauyin da aka samu a yadda ake biyan mai zane, daga lada guda da ake miƙa masa a sallame shi, zuwa kaso daga kowane kwafin da aka sayar.

Masana sukan fara lissafi daga littafin Orbis Sensualium Pictus, wanda malamin nan Comenius ya fitar a birnin Nuremberg na Jamus a 1658, littafi mai babi 150 da ke koya wa yara sunayen abubuwa da Latin da Jamusanci ta hanyar hotuna. A Ingila kuma ana ambaton John Newbery, mai sayar da littattafai a Landan, wanda a 1744 ya buga wani ɗan littafin yara da ake haɗawa da ƙwallo ga yaro, ko matashin soka allura ga yarinya. Sai dai a wancan zamani ba a damu da sanin wanda ya yi hoton ba. Maɗaba'u kan ajiye katakan da aka sassaƙa hotuna a kansu su yi ta maimaita su, ta yadda hoton sarki guda kan fito a labarai daban-daban, idan kuma ana son launi sai a zaunar da yara 'yan ƙwadago kewaye da tebur, kowanne da launinsa guda, takarda na bi ta hannunsu ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya fara ɗaga darajar aikin shi ne Thomas Bewick na Newcastle, wanda ya rayu daga 1753 zuwa 1828. Maimakon ya sassaƙa katako ta gefen da aka tsaga shi a tsaye, kamar yadda aka saba, sai ya yi amfani da fuskar da aka yanke a gicciye, daga wani icce mai tsananin tauri, yana ƙwaƙule ta da siririn ƙarfen da masu zane a kan tagulla ke aiki da shi. Da wannan dabara aka samu layuka sirara ƙwarai, kuma katakon na jure bugu dubbai tare da haruffa a shafi guda. Amma daga baya aikin ya rabu gida biyu, wato mai zane da mai sassaƙa. Mai zane kan yi hotonsa da fensir a kan katakon, a juye kamar rubutun hatimi, sannan mai sassaƙa ya cire duk wurin da ake so ya fito fari, wanda hakan ke nufin ainihin zanen yana ƙarewa ne a ƙarƙashin ƙarfen wani. Saboda haka komai gwanintar mai zane, mutuncinsa na hannun mai sassaƙa da mai bugu. Wannan ne ya sa a 1865 John Tenniel, wanda ya yi hotuna 42 na littafin Alice na Lewis Carroll, kuma 'yan'uwan nan Dalziel suka sassaƙa, ya nuna rashin gamsuwa da yadda hotunansa suka fito, har aka janye bugun farko mai kwafi 2,000 aka sake sabo.

Launi ya zauna da gindinsa ne a hannun Edmund Evans, mai sassaƙa kuma mai maɗaba'a a Racquet Court kusa da titin Fleet a Landan, wanda ya rayu daga 1826 zuwa 1905. A tsarinsa ana fara sassaƙa katako guda mai ɗauke da layukan zanen gaba ɗaya, a buga shi a takarda, a aika wa mai zane ya shafa launukan da yake so, daga nan sai a sassaƙa wa kowane launi katakonsa. A littattafan mai zane Randolph Caldecott, alal misali, ana buga layukan da tawada ruwan ƙasa, sannan a bi da launin fatar jiki, da ja, da shuɗi, da rawaya, da ruwan toka. Kowace takarda sai ta shiga injin sau shida, kuma tilas kowane bugu ya faɗa daidai kan na baya, domin ƙaramin kuskure na iya sa jan leɓe ya sauka a haɓa. Kuɗin wannan aiki na da yawa, ba a kuma mayar da shi sai an buga kwafi dubbai, don haka Evans ya nemi masu zanen da sunansu kaɗai zai sayar da littafi.

Na farkonsu shi ne Walter Crane, wanda tun yana ɗan shekara 13 ya shiga koyon zane a kan katako a wurin W. J. Linton. Daga 1865 ya shafe kusan shekara goma yana yi wa kamfanin Routledge ƙananan littattafai masu 'yan shafuka da ake sayarwa sisi ko sule guda. Hotunan Japan da suka shigo hannunsa sun koya masa amfani da layi mai kauri da launi shimfiɗaɗɗe marar inuwa, abin da ya dace da injin Evans. Littattafan sun yi kasuwa sosai, amma lada guda ake biyansa a kan kowanne, da kamfanin ya ƙi ba shi kaso kuwa sai ya daina yi musu wannan jeri.

Wanda Evans ya nema ya maye gurbinsa shi ne Randolph Caldecott, haifaffen Chester a 1846, wanda ya yi shekaru yana akawun banki a Whitchurch da Manchester yana zane a lokacin hutunsa, kafin ya ajiye aikin ya koma Landan a 1872. Caldecott ya ƙi karɓar lada guda, ya tsaya kan a ba shi kaso daga ciniki. Daga 1878 zuwa 1885 yakan fitar da littattafai biyu a kowace Kirsimeti, jimilla 16, kowanne sule guda, kuma zuwa 1884 an sayar da kwafi 867,000 na goma sha biyun farko. Muhimmancinsa a tarihin sana'ar ya wuce batun kuɗi, domin shi ne ya nuna cewa hoto na iya faɗin abin da rubutu bai faɗa ba. A wata tsohuwar waƙar reno da ta ƙare da gudun faranti tare da cokali, ya ƙara hoto na ƙarshe da babu shi a waƙar, inda ake ganin farantin a ƙasa ya farfashe, sauran kwanuka na kuka a kansa, ita kuwa cokali, wadda ya zana a siffar budurwa, iyayenta wuƙa da cokali mai yatsu sun tasa ƙeyarta zuwa gida. Ya rasu a St Augustine ta jihar Florida a Amurka a watan Fabrairun 1886, yana da shekara 39.

Ta ukunsu ita ce Kate Greenaway, 'yar wani mai sassaƙa katako, wadda ta fara da zanen katunan gaisuwa. Evans ya buga littafinta Under the Window a 1879, kwafi 20,000 a kan sule shida, farashin da ake ganin ya yi wa littafin yara tsada, amma suka ƙare cikin ɗan lokaci. Ta samu rabonta daga ribar, kuma tufafin da take zana wa yara sun zama abin yayi har madinka suka riƙa kwaikwayonsu.

Kyamara ce ta kawo ƙarshen zamanin masu sassaƙa. Kafin ƙarnin ya ƙare an gano yadda za a ɗauki hoton zane a raba shi launi uku, a mayar da kowanne ƙananan ɗigo a kan farantin ƙarfe, ta yadda ba a bukatar hannun kowa tsakanin mai zane da injin. Da wannan fasaha kamfanin Frederick Warne ya buga labarin zomon nan Peter na Beatrix Potter a watan Oktoban 1902, bayan kamfanoni da dama sun ƙi shi, ita kuma ta buga kwafi 250 da kuɗinta a ƙarshen 1901. Potter ita ce marubuciya, ita ce mai zane, ta kuma sa baki a girman littafin da farashinsa. A 1903 ta yi rajistar 'yar tsanar zomon da sunanta, a 1905 ta sayi gonar Hill Top a yankin tafkuna na arewacin Ingila, sa'ad da ta rasu a 1943 kuma ta bar wa hukumar adana wuraren tarihi ta National Trust fili mai faɗin kusan eka 4,000.

Ke nan cikin shekaru kusan arba'in, daga littattafan sisi na Crane zuwa na Potter, mai zanen littattafan yara ya tashi daga matsayin ɗan ƙwadagon maɗaba'a ya zama mai suna a bangon littafi, mai rabo a cinikinsa. Tun 1938 ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ke ba da lambar yabo mai sunan Caldecott duk shekara, kuma ƙa'idarta ita ce mai zanen littafin ake miƙa wa ita.