Tarihin Tilasta wa Ɗalibai Kwana a Makaranta a Ƙasar Katsina: Abin da Ya Shafi Yaran Kankiya da Kusada

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin wata doka wadda ta daɗe a tsarin ilmin zamani na ƙasar Hausa, watau dokar da ke wajabta wa ɗalibi, musamman sabon shiga, ya kwana a cikin makarantar da yake karatu. Za a dubi inda dokar ta samo tushe, da dalilan da suka sa ta yi ƙarfi, da kuma abin da ya karya ta. An ɗauki ƙasar Kankiya, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Kano, da maƙwabciyarta Kusada, don su zama misali na garuruwan da ba su da jami'a, waɗanda kowane ɗansu da ya yi nisa a karatu tilas ya bar gida.

Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, wannan doka wani nau'i ne na riƙo. A al'adar Bahaushe, wanda aka ba riƙon yaro yana da ikon tsare shi da hana shi yawo da yi masa horo, amma ci da sha da makwanci da lafiyar yaron duk suna wuyansa. Tarihi ya nuna cewa dokar ta yi aiki muddin hukuma na sauke wannan nauyi, kuma ta sukurkuce tun daga ran da hukuma ta fara zame kafaɗa.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Barin gida don neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Birnin Katsina ya yi suna wajen malamai tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17, haka kuma 'Yandoto ta tara masu neman sani daga wurare masu nisa. Uba yakan ɗauki ɗansa ya danƙa wa malami, ya ce ga amana nan. Daga ranar yaro ya koma kwana a zauren malam ko a wata bukka kusa da shi, yana yi masa noma da aike, malam kuwa shi ke da alhakin sanin inda yaron ya kwana da inda ya tashi. Idan almajiri babba ne mai neman ilmin littattafai, sai ya sami mai masauki a unguwa, wanda zai tsaya masa a matsayin uba.

Abin lura a nan shi ne, babu wata rubutacciyar doka da ta ce almajiri ya kwana wurin malaminsa. Yarda ce tsakanin mutum biyu da suka san juna, kuma uba na iya zuwa ya karɓe ɗansa duk ran da ya ga riƙon bai yi masa ba.

3.0 Makarantun Kwana na Zamanin Turawa

Da Turawa suka kafa mulki, sai riƙon ya tashi daga hannun malami ya koma hannun hukuma. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta tattaro 'ya'yan sarakuna da malamai daga larduna dabam-dabam, saboda haka dole aka tanadar musu wurin zama.

Amma inda tsarin ya zauna sosai shi ne Kwalejin Katsina, wadda ta fara karatu a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya buɗe ta ran 5 ga Maris, 1922. A jawabinsa na buɗewa ya kawo dalilai biyu na zaɓen Katsina. Na farko, martabar da garin ke da ita wajen ilmi da addini. Na biyu, nisansa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar garuruwan ciniki, abin da zai ba ɗalibai natsuwa. Wannan dalili na biyu shi ya fito da manufar a fili: ana so a keɓe yaro daga gari, a sarrafa lokacinsa tun daga asuba har kwanciya, a aji da filin wasa da wurin kwana, don a fitar da irin malamin da hukuma ke bukata. Ɗaliban sun zauna a gidaje na ƙasa a harabar kwalejin, ginin da yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. A nan ne Ahmadu Bello na Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci da Kashim Ibrahim na Barno da Abubakar Imam na Kagara suka yi karatu, kuma ba a musun cewa zaman wuri ɗaya ya ƙulla zumuncin da ya yi tasiri a siyasar Jihar Arewa daga baya. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, aka raɗa mata suna Barewa a 1971, kuma duk inda ta je da tsarin kwananta ta tafi.

A ƙasa da kwalejin akwai makarantun Midil, waɗanda aka tsara wajen 1930, galibi ɗaya a kowane babban garin lardi. Yaron da ya gama Elementare a gunduma irin ta Kankiya, in ya ci jarrabawa, ba shi da wata hanya sai ya tafi Midil ta Katsina ya kwana can. Sanin kowa ne cewa a farkon al'amari iyaye ba su so, har akan ɗora wa hakimai da dagatai nauyin kawo yara, wasu iyayen kuma su ɓoye 'ya'yansu. Abin da ya sassauta zukata a hankali shi ne ganin En'e ta ɗauki ci da tufafi da magani da littattafai daga baitulmali, yaro kuma ya dawo hutu da ƙoshin lafiya, daga bisani ya sami aiki. Game da 'ya'ya mata kuwa, sharaɗin ya fi tsanani, don ba uban da zai saki 'yarsa sai ya tabbata akwai katanga da ƙofa da dattijuwa mai kula da su.

4.0 Yadda Dokar ta Shiga Jami'a

Jami'o'in farko sun gaji wannan tsari ta hanya biyu: daga makarantun kwana na gida, da kuma daga Ingila, inda tsofaffin jami'o'i irin su Okusfod da Kambirij suka ginu a kan zaman ɗalibi cikin kwalejinsa. Kwamitin Asquith, wanda ya ba da rahotonsa a 1945 a kan ilmi mai zurfi a ƙasashen da Ingila ke mulka, ya ba da shawarar jami'o'in da za a kafa su zama na kwana gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce, gidajen haya na gari ba su dace da karatu ba, kuma zama tare zai haɗa kan samarin da suka fito daga ƙabilu dabam-dabam. A kan wannan ne aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a 1948 da ɗalibai 104.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426, ita ma wannan turba ta bi. Samaru a lokacin ƙaramin wuri ne a bayan Zariya, ba shi da gidajen da za su ɗauki ɗalibai ko da an so. Saboda haka aka yi ta gina gidajen kwana, irin su Ribadu da Sulaiman da Akenzuwa da Ɗanfodiyo, da kuma Amina na mata. Ɗalibi na da gado da teburin karatu, yana cin abinci sau uku da tikiti a kan kuɗi kaɗan, gwamnatin jiharsa kuma na biya masa da kuɗin tallafin karatu. Ga ɗan talakan Kusada wanda bai san kowa a Zariya ba, wannan tanadi shi ne ya sa karatun jami'a ya yiwu. Ba a ji ya koka da tilas ba, don abin da aka tilasta masa ya fi abin da zai iya yi wa kansa.

5.0 Karyewar Tsarin

Abu biyu ne suka haɗu suka karya tsarin: yawan ɗalibai da tsadar ciyarwa. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta ƙara sababbin manyan makarantu bakwai masu matsayin jami'a ko kwalejin jami'a, cikinsu har da na Sakkwato da Kano. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda bayan 'yan shekaru ya cika makarantun sakandare maƙil, har aka shiga buɗe na jeka-ka-dawo a garuruwa da ƙauyuka. Ginin ɗakunan kwana bai iya bin sawun wannan yawa ba, a sakandare ko a jami'a.

Batun abinci kuwa tun da wuri ya nuna shi ne jijiyar al'amarin. Rikicin Jami'ar Badun na 1 ga Fabrairu, 1971, wanda aka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a cikinsa, ya faro ne daga ƙorafi a kan abincin wani gidan kwana. A 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙara kuɗin abinci. Wannan ƙari shi ya tayar da tarzomar watan Afrilu, wadda ɗalibai suka nemi a sauke Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka kuma haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa, aka bar ɗalibi da risho da masu sayar da abinci.

Duk da haka hukumomin jami'a ba su saki ikon horo ba. Rikicin Zariya na watan Mayu, 1986, ya samo asali daga hukuncin da aka yi wa shugabannin ɗalibai bisa zargin cewa jerin gwanon tunawa da mamatan 1978 ya ratsa gidan kwanan mata, kuma a ƙarshe 'yan sanda suka shiga aka sake rasa rayuka. A nan ana iya ganin mariƙi wanda ya rage abin da yake bayarwa, amma yana nan riƙe da bulala.

Tun da gadaje ba su isa ba, sai dokar ta juye. Maimakon a ce kowa ya kwana a ciki, sai jami'o'i da yawa suka koma fifita sababbin ɗalibai da 'yan ajin ƙarshe wajen rabon gado, saura kuwa su nemi haya ko su raɓa da abokai. Abin da a da yake wajibi ya zama alfarma da ake nema. Unguwanni irin su Samaru da Hayin Dogo a Zariya, da Ɗorayi da Rijiyar Zaki da Ɗanbare a Kano, sun cika da gidajen hayar ɗalibai.

6.0 Halin da Ake Ciki Bayan Ƙirƙiro Jihar Katsina

Ƙirƙiro Jihar Katsina ran 23 ga Satumba, 1987, ya kawo manyan makarantu kusa da gida. An kafa Jami'ar Alƙalam a 2005, da jami'ar jiha a 2006, wadda aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, sai Jami'ar Tarayya ta Dutsinma a 2011. Ita kanta Kankiya tana da makarantar koyon aikin kiwon lafiya mai karɓar ɗalibai daga wasu garuruwa. To amma kusancin bai kai a ce yaron Kusada ya je lacca Katsina ko Dutsinma kullum ya dawo ya kwana gida ba. Har yanzu yana bukatar masauki, kuma kuɗin haya kan zama dalilin da zai sa uba ya haƙura da gurbin da ɗansa ya samu, balle 'yarsa.

Sa'an nan ga wani sabon nauyi da magabata ba su sani ba, watau tsaro. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta kwana da ke Ƙanƙara, abin da ya sa gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana a lokacin. A gefe guda kuma, a watan Satumba na 2023 an sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya na Sabon Gida, a watan Oktoba kuma aka ɗauke wasu ɗalibai mata biyar na Dutsinma daga gidan da suke haya a cikin gari. Waɗannan abubuwa sun nuna cewa tara yara wuri ɗaya ba tare da tsaro ba haɗari ne, warwatsa su cikin gari ba mai kula da su shi ma haɗari ne.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa dokar tilasta kwana ta ratsa matakai uku a ƙasar Katsina. Da farko amana ce tsakanin uba da malami. Daga 1921 ta zama tsarin hukuma mai cikakken tanadi. Daga ƙarshen shekarun 1970 kuma ta zama doka wadda ba gadon da zai ɗauke ta.

Amfanin zaman sabon ɗalibi a cikin makaranta ba ɓoyayye ba ne: yana kusa da aji da laburare da asibiti, yana cuɗanya da waɗanda ba 'yan garinsu ba, kuma hankalin iyayensa ya fi kwanciya. Saboda haka duk jami'a ko kwalejin da ke son farfaɗo da wannan doka tana da hujja daga tarihi. Sai dai tarihin nan ya zo da sharaɗi. Kafin a rubuta dokar, ya kamata a ƙirga gadaje a gwada da yawan waɗanda za a ɗauka, a yanke kuɗin ɗaki daidai da ƙarfin manomin Kankiya da Kusada, a tanadi ruwa da abinci mai rahusa, a kuma bayyana wa iyaye a rubuce wanda ke da alhakin tsaron 'ya'yansu da dare. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Makarantar da ta karɓi ikon mariƙi, ta karɓi nauyinsa ke nan.