Yi Wa Kwamfuta Fomatin: Abin da Ke Sa Sunan Windows Ya Fito Sau Biyu da Yadda Ake Gyara Shi

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa manhajar Windows 10, lamarin da ya ƙara wa masu kwamfutar tafi-da-gidanka dalilin sake ɗora wa na'urorinsu sabuwar manhaja. Batun ya shafi garuruwa irin Kafanchan, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a a kudancin Jihar Kaduna, inda ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ke rubuta ayyukansu, da yawansu a kan kwamfutocin gwanjo. Aiki da irin waɗannan na'urori ba baƙon abu ba ne a yankin, domin Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana koyar da ilimin kwamfuta a Bayan Loko da na'urorin da aka sabunta.

Fomatin shi ne goge abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfuta, ko wani sashe nasa, domin a ɗora babbar manhaja daga farko. Ana buƙatar filash mai girman gigabayit 8 ko fiye. Kafin a fara, wajibi ne a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri dabam. Idan an kulle rumbun da tsarin BitLocker, a tabbatar lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48 tana hannu. Haka kuma kada a fara aikin da batirin da ba ya riƙe caji sai an tabbatar da wuta, don ɗaukewarta ana tsakiyar aiki kan mayar da hannun agogo baya.

Matsalar da aka fi cin karo da ita bayan an gama ita ce, da an kunna kwamfutar sai a ga sunan Windows har sau biyu, na'urar tana jira a zaɓi ɗaya, yawanci na tsawon daƙiƙa 30. Wannan ba alamar cuta ba ce. Tun daga Windows Vista, manhajar tana ajiye wani ɗan kundi mai suna BCD, wanda ke ɗauke da sunayen manhajojin da za a iya tayar da kwamfutar da su. Kundin yana zaune ne a wani ƙaramin sashe na rumbun, sau da yawa mai girman megabayit 100 kacal, wanda mai fomatin kan tsallake. Don haka idan aka ɗora sabuwar manhaja, sai ta ƙara sunanta a kundin, tsohon sunan kuma yana nan daram.

A nan ne ya kamata a yi hattara, domin suna na biyu na iya zama ɗayan abu biyu. Wani lokaci sunan ne kawai ya rage, manhajar ta riga ta tafi, wanda idan aka zaɓe shi sai kwamfutar ta nuna kuskure. Wani lokacin kuma tsohuwar Windows tana nan da ranta a wani sashen, tare da duk takardun mai ita. Hanyar bambancewa ita ce a gwada kowane suna a ga inda zai kai mutum. Wanda ya yi sa'a har yakan tarar da kundin binciken da ya ɗauka ya salwanta.

Bayan an tantance, gyaran ba shi da wahala. A shiga Windows ɗin da ake so a riƙe, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta msconfig, sannan a buɗe shafin Boot. Sunan da aka rubuta Current OS a gabansa shi ne wanda ake aiki da shi, kuma shi ne za a bari. A zaɓe shi a danna Set as default, sannan a zaɓi ɗayan a danna Delete, a sake kunna na'urar. Masu gyara da suka ƙware kan yi amfani da umarnin bcdedit, amma da shi ya fi kyau a fara adana kwafin kundin ta hanyar bcdedit /export kafin a taɓa komai.

Goge suna daga kundin ba ya goge fayil ko ɗaya, ba ya kuma dawo da filin da tsohuwar manhajar ta cinye. Babban haɗarin yana wajen share sassan rumbun. Sau da yawa sabuwar Windows tana tashi ne ta wancan ƙaramin sashen da tsohuwar ta bari, kuma duk wanda ya share shi da sunan tsaftacewa zai wayi gari kwamfutarsa ta ƙi tashi gaba ɗaya. Idan hakan ta faru, sai a tayar da ita da filash ɗin nan a sake gina kundin da umarnin bcdboot.

Akwai kuma sunan da fomatin ba ya gogewa ko da an share rumbun kakaf. A kwamfutocin da ke aiki da tsarin UEFI, sunayen wasu manhajoji, misali Ubuntu, suna zama ne a ƙwaƙwalwar allon na'urar. Ana cire irin wannan daga saitin da ake shiga yayin kunnawa, ta maɓallin F2 a kwamfutocin Dell ko F10 a na HP.