Laburaren Jami'a da Kafofin Sada Zumunta

Amfani da kafofin sada zumunta a laburaren manyan makarantu shi ne yadda ma'aikatan ɗakin karatu na jami'a ko kwaleji suke bi ta Facebook, WhatsApp, Telegram, YouTube da makamantansu domin isar da sanarwa ga ɗalibai, amsa tambayoyinsu da koya musu hanyoyin bincike. Manufar ita ce laburare ya tarar da ɗalibi a wayarsa, maimakon ya jira sai ɗalibin ya tako ƙofarsa.

Asali

An ƙirƙiro Facebook a 2004 a Jami'ar Harvard ta Amurka, kuma da farko dandalin ɗalibai ne zalla. YouTube ya biyo baya a 2005, Twitter a 2006, WhatsApp a 2009, sai Telegram a 2013. Tun a 2005 wani ma'aikacin laburare a Amurka, Michael Casey, ya yaɗa ra'ayin cewa ya kamata mai karatu ya samu bakin magana kan hidimar da laburare ke yi masa. Kafofin nan ne suka sauƙaƙa aiwatar da ra'ayin.

Dalilin buƙatarsu a Najeriya

Arzikin babban laburare, irin na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ya wuce littattafan da ke kan kanta. Akwai mujallun ilimi da ake karantawa ta intanet, wasu da kuɗin rajista, wasu ta shirin Research4Life, wanda ke ba ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta su kyauta ko da rahusa. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ware kuɗi domin bunƙasa laburaren manyan makarantun gwamnati. Sai dai ɗalibin da bai san da wannan taska ba, kuɗin iyayensa zai kashe a shagon kwamfuta yana neman abin da makarantarsa ta riga ta tanada.

Buƙatar ta ƙara fitowa fili a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, da kuma a 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai suna gida, waya ce kaɗai hanyar isa gare su.

Aikin kowace kafa

Facebook ya dace da sanarwar jama'a: lokacin buɗewa da rufewa, sababbin littattafai da ranar horon sababbin ɗalibai. WhatsApp ya fi dacewa da tambaya da amsa tsakanin ɗalibi da ma'aikaci, ko zauren 'yan sashe guda, domin zaurensa ba ya wuce mutum 1,024. Zauren Telegram kuwa yana ɗaukar har mutum 200,000. YouTube na gajerun darussa ne, kamar yadda ake neman littafi a kundin laburare ko yadda ake ambaton madogara a kundin kammala digiri.

Matsaloli

Babbar matsalar ita ce laburare ɗan haya ne a waɗannan kafofi. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, duk laburaren da ya dogara da shi kaɗai kuwa ya rasa hanyar sanarwarsa. Shi ya sa ya fi dacewa ainihin bayanai su zauna a shafin intanet na makaranta, kafofin su riƙa nuna hanya zuwa can.

Ta biyu ita ce sirri. A zauren WhatsApp lambar kowa tana iya bayyana ga sauran 'yan zaure, alhali Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa hukumomi nauyin tsare bayanan mutanen da ke hannunsu. Ta uku, tura cikakken littafi ko kalmar sirrin mujallun da aka biya wa kuɗi cikin zaure na iya keta haƙƙin mallaka da yarjejeniyar da aka ƙulla da mawallafa, har a toshe wa makarantar baki ɗaya. Ga kuma tsadar data da rashin wutar lantarki, waɗanda ke sa gajeren rubutu ya fi bidiyo isa ga talakan ɗalibi.

Shafin da aka buɗe aka bari babu mai kula da shi, ɗalibai ba sa komawa. Don haka wajibi ne a naɗa ma'aikaci takamaimai, a kuma sanar da sa'o'in da yake amsa tambaya.