Waƙa Gona Ce: Tarihin Haƙƙin Mawaƙi A Fim, Talabijin Da Talla



Tarihinmu na yau a kan waƙa yake, amma ta ɓangaren kuɗi. Kullum muna jin muryoyin yaranmu a rediyon karkara, a tallar taki ko ta magani, a saƙon faɗakarwa na rigakafi, har a fina-finan da ake kallo cikin waya. Sau tari wanda ya yi waƙar an sallame shi sau ɗaya, waƙar kuwa tana ta aiki shekara da shekaru. To yaya aka yi muka zo nan, kuma mece ce mafita? Bari mu ɗauko zancen daga tushe.

A zamanin iyaye da kakanni, makaɗi yana da ubangida. Ibrahim Narambaɗa yana fadar Sarkin Gobir na Isa, Ma'azu Ɗan Alalo yana fadar Damagaram. Makaɗi ya yi waƙa a gaban sarki, a ba shi doki, riga, hatsi, wani lokaci har gida. Su Mamman Shata da suka zo suna yi wa attajirai da sauran jama'a, har motoci an ba su. Wannan tsari bai zalunci kowa ba, domin a lokacin waƙa ba ta rabuwa da bakin mai ita. In kana son ka ji Ɗan Alalo, dole ka je inda yake, ko ka gayyato shi da ƴan amshinsa, ka ciyar da su, ka yi kyauta. Duk ji ɗaya da ladarsa.

Abin da ya birkita lissafin shi ne na'urar ɗaukar murya. Da garmaho ya zo, sannan rediyo, sannan kaset, sai waƙa ta koyi tafiya ita kaɗai. Shata ya rasu a 1999, Musa Ɗanƙwairo a 1991, amma yau ɗin nan akwai tashar da ke sa su, akwai mai shago da ke tura su cikin memori yana karɓar kuɗi. Murya ta zama dukiya mai haihuwa, mu kuwa muka ci gaba da kallonta da idon da, wato an yi, an ba da kyauta, magana ta ƙare.

Turawa ma sai da suka sha wannan rigimar. A 1847, a birnin Paris, wani marubucin waƙa mai suna Ernest Bourget ya shiga wani wurin shan shayi da kallon wasa, ya tarar ana rera waƙarsa don jawo masu saye. Da aka kawo masa lissafin abin da ya sha sai ya ƙi biya, ya ce ku ma ai ba ku biya ni waƙata ba. Magana ta kai kotu, kotu ta ba shi gaskiya. Daga nan ne aka kafa SACEM a 1851, ƙungiyar da ke karɓo wa mawaƙan Faransa kuɗi daga duk inda aka yi kasuwanci da waƙarsu. A 1886 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Bern, wadda ta ce haƙƙin mai ƙirƙira yana bin aikinsa ko da ya tsallaka iyaka. Nijar ta shiga cikinta tun 1962.

Amma doka a takarda ba ta ceci wanda ya sayar da haƙƙinsa da hannunsa ba. Babu misalin da ya kai na Solomon Linda, wani Bazulu na Afirka ta Kudu. A 1939 ya shiga situdiyon kamfanin Gallo a Johannesburg da ƙungiyarsa, suka ɗauki wata waƙa mai suna "Mbube", wato zaki. Aka ba shi sule goma. Waƙar ta tsallaka Amurka, aka juya ta, a 1961 ta fito da sunan "The Lion Sleeps Tonight" ta zagaye duniya. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, iyalinsa ko alamar kabari ba su iya saya masa a lokacin ba. A 1994 kamfanin Disney ya sa waƙar cikin fim ɗinsa The Lion King. Sai a 2004 aka shigar da ƙara a madadin magadansa, aka yi sulhu a 2006, ƴaƴansa suka samu rabo. Ku lissafa: shekara 67 tsakanin sule goma da ranar da haƙƙi ya dawo gida, mai shi kuwa ya daɗe a ƙasa.

Mu dawo gida Nijar. Duk wanda ya girma yana sauraron Muryar Sahel ko yana kallon Tele Sahel ya san wani kiɗan fiyano mai sanyi da ake sakawa tsakanin shiri da shiri. Da yawa mun haddace kiɗan ba mu san sunan mai shi ba. Mamman Sani ne. Ya ɗauki kundinsa na farko a situdiyon rediyon ƙasa a 1978, kaset ɗin bai fita da yawa ba, amma kiɗansa ya yi shekaru yana shiga kowane gida. Sai a 2013, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya nemo shi ya sake fitar da kundin da sunansa a jiki, duniya ta san shi, har ya riƙa zuwa wasa Turai. Darasin a nan shi ne suna. Kiɗan da ba a rubuta sunan mai shi ba, ko mai niyyar biya bai san ƙofar da zai buga ba.

Wannan kamfani dai shi ne ya fitar da tarin waƙoƙin nan na wayoyin Sahara a 2011. Mai kamfanin, Christopher Kirkley, ya tattaro su ne daga memorin jama'a a arewacin Mali, sannan ya bi diddigin mawaƙan don neman izini, aka ware musu kashi 60 cikin ɗari na ribar. Cikinsu akwai Mdou Moctar, ɗan ƙasarmu, wanda ya ɗauki kundinsa na farko a Sakkwato a 2008. Yau yana wasa a manyan biranen duniya. Wato turin Bluetooth da ake ganin ya kashe kasuwa, shi ya kai muryarsa nesa, amma izini da rabon kaso su ne suka mayar da farin jinin ya zama abinci.

Sai kuma Kano, wadda kasuwarta ta fi shafar mu, tun da daga nan zuwa Daura ba nisa. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, daga nan harkar fim ɗin Hausa ta kama. Da aka shiga zamanin su Sangaya, waƙa ta zama ita ce ke sayar da fim. Ga yadda abin yake tafiya a lokacin: mawaƙi ya rubuta, ya rera, furodusa ya saye waƙar gaba ɗaya, jarumi ya hau ta yana motsa baki, kaset ya cika Ƙofar Wambai. Mu ƴan kallo sai mu ce waƙar wane, muna kiran sunan jarumi. Muryoyi da yawa sun raya fina-finai a haka, har da ƴar ƙasarmu Fati Nijar, wadda ta taso daga Maraɗi. Daga baya su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka riƙa fitar da kundi da sunansu, jama'a suka fara neman mawaƙi don kansa. Gaskiya kuma a faɗe ta, masana'antar ta ɗebi karin waƙoƙin Indiya da yawa ba tare da izini ba. Wannan ɗabi'a tana da illa a yau, domin abin da ba naka ba, ba ka iya ba da shi haya.

Kalmar da muke son a riƙe ke nan: haya. Mu mutanen yankin Kance mun fi kowa sanin darajar ƙasa, don gona ta yi mana kaɗan. Ko yaro ya san bambancin sayar da gona, da jingina, da aro, da haya. Wanda ya ba da fadamarsa haya aka shuka rake, baɗi tana nan tasa, ya sake ba wani, in ya rasu ƴaƴansa su gada. Wanda ya sayar kuwa, sai dai ya wuce ta gefe yana kallo. Abin sha'awa, dokokin biyu wata ɗaya aka yi su. Ranar 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin filaye irin su COFOB da ke ba mu takardar shaida. Ranar 30 ga wannan watan aka fitar da dokar haƙƙin mawallafa da mawaƙa da al'adun gargajiya. A 1995 aka kafa BNDA, hukumar da ke rajistar ayyuka da karɓo wa masu su kuɗi, mai cibiya a Yamai, sannan aka sabunta dokar a Disamban 2010. Takardar gona mun rungume ta, ta waƙa ce har yanzu muke jin nauyin tambaya.

To yaya hayar waƙa take? Da farko a sani kowace waƙa da aka ɗauka gona biyu ce a haɗe. Akwai haƙƙin baiti da kari, na wanda ya tsara su. Akwai haƙƙin ɗaukar kanta, wato wannan muryar da wannan kiɗan da suka fito daga situdiyo, wanda yawanci yake hannun wanda ya biya kuɗin aikin. Mai fim ko mai talla yana buƙatar izinin duka biyun. Mawaƙin da ya tsara abinsa, ya biya situdiyo da aljihunsa, shi ke riƙe da su duka, kuma wannan babbar dama ce, don mai neman waƙa ya fi son ya yi magana da mutum ɗaya a gama. Saboda haka tun ranar ɗauka a daidaita da makaɗin situdiyo da ƴan amshi: sallama ce aka yi musu ko suna da kaso? A rubuta, kowa ya sa hannu.

Na biyu, in an zo neman waƙarka, takarda ta amsa tambayoyi bakwai. Wace waƙa ce? Cikin wane fim ko wace talla za ta shiga? Har tsawon wane lokaci? A wace ƙasa, Nijar kaɗai ko har Najeriya? A wace kafa, rediyo, talabijin ko YouTube? Shi kaɗai zai yi amfani da ita a wannan lokaci, ko kana iya ba wani? Nawa ne, kuma yaushe za a biya? A ƙara da sharaɗin rubuta sunanka. A ce wani mai shagon taki ya ba ka jika talatin don tallar wata uku a rediyo ɗaya. In wata ukun sun cika yana son ci gaba, sabon ciniki ne. In yana son ya hana ka ba kowa, farashi ya hau, kamar dai mai son fadama shi kaɗai rani da damina. Talla ta fi fim tsada, domin tana ɗaura muryarka a jikin haja. Tallar siyasa kuwa sai an yi dogon tunani, don tana iya rufe maka wasu ƙofofin.

Na uku, kuɗin hannu ba shi ne ƙarshe ba. Duk lokacin da tasha ta watsa waƙar, akwai wani haƙƙin dabam wanda hukuma irin BNDA ke karɓa daga tashoshi ta raba. Amma ba ta raba wa wanda ba ta san shi ba. Sai ka yi rajista, ka ajiye waƙoƙinka da sunayensu, kuma mai fim ya rubuta jerin waƙoƙin da ya sa da tsawon kowace. A Najeriya ma akwai ƙungiyar MCSN mai irin wannan aiki, kuma sun samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023.

Na huɗu, intanet. YouTube yana da na'urar da ke gane sauti, tana kai kuɗin talla ga wanda ya yi rajistar waƙar a matsayin tasa. In wani ya riga ka, kuɗin can za su tafi, har ma a iya toshe maka taka waƙar a naka shafin, sai ka kawo hujja. Yanzu da manyan shirye-shirye irin su Labarina da Izzar So suka mayar da kallo cikin waya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka adana asalin ɗaukar, da rasit na situdiyo, da kiɗan zalla marar murya, don masu fim sun fi neman sa a ƙarƙashin zance.

Mun san za a ce, a ƙauye wa zai tsaya rubuta takarda da ɗan'uwansa? Ai haka aka riƙa cewa a kan gona, har rigingimun gado suka koya mana hankali. Takarda ba rashin yarda ba ce, zumunci take tsarewa. Ko da Hausa aka rubuta ta, a boko ko ajami, da shaidu biyu, ta fi babu nesa ba kusa ba. Kuma mu masu shaguna, da ƙungiyoyi, da ma'aikatan rediyo, da masu shirya ƴan fina-finai a waya, nauyin yana kanmu mu ma. Kafin mu ɗora waƙar yaron unguwa a kan tallarmu, mu neme shi, mu tambaye shi, mu faɗi sunansa. Wanda ke son ya yi kyauta da waƙarsa don masallaci ko makaranta ko rigakafi, hannunsa ne, Allah ya ba shi lada. Amma ya zama shi ya bayar da saninsa.

Ga iyalan tsofaffin makaɗanmu na kalangu, gurmi da kukuma kuma, ku binciki kaset ɗin da ke cikin adaka. Doka ta ce haƙƙin waƙa ana gadonsa shekaru masu yawa bayan rasuwar mai ita. Ku rubuta sunan waƙa, da wanda ya yi ta, da inda aka ɗauka, tun masu tunawa suna raye.

Allah ya sa wa sana'ar kowa albarka, ya ba mu damina mai kyau. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.