Su Beano da Dandy: Littattafan Zanen da Muka Taso da Su a Jos

Duk wanda ya yi yarintarsa a Jos daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 ba zai rasa tuna littattafan zanen nan na Ingila ba, waɗanda muke kira komik. Kuza ce ta kawo mana su. Turawan kamfanonin haƙar ma'adinai irin su ATMN sun zauna a Jos da Bukuru da iyalansu, 'ya'yansu suna karanta waɗannan littattafai, kantuna irin su Kingsway kuma suna kawo kayan Ingila. In an gama da su sai su faɗo hannun kuku da boyi-boyi, daga nan su shigo Gangare da Unguwar Rogo, kwafi ɗaya ya zagaye yara goma kafin bangonsa ya cire.

Dandy ta fara fitowa a Disamba 1937, Beano kuma a Yuli 1938, dukansu daga kamfanin D.C. Thomson da ke Dundee a Sukotilan. A Beano muka san Dennis the Menace, hatsabibin yaro mai riga ja da baƙi, wanda ya bayyana a 1951. Masu son ƙwallo kuwa Roy of the Rovers suke bi, wanda ya fara a mujallar Tiger a 1954, har yara kan kwatanta shi da 'yan wasan Mighty Jets, zakarun gasar ƙasa ta 1972. Da yawanmu a nan muka fara tsintar Turanci, muna bin hoto muna haɗa baƙi.

Sai dai babu mu a cikin waɗannan shafuka, baƙin mutum in ya fito ma sau da yawa abin dariya ake mayar da shi. Shi ya sa Lance Spearman na mujallar African Film ya samu karɓuwa daga 1968, sannan a 1975 aka fito da Powerman domin yaran Najeriya, duk da cewa Dave Gibbons da Brian Bolland, 'yan Ingila, su suka zana shi.

Abin ya yanke ne bayan Turawa sun watse, farashin kuza ya faɗi a 1985, SAP ta karya darajar naira a 1986. Gara da ɗanshi suka ci na cikin adaka, rikicin 2001 da gobarar kasuwar Terminus a 2002 suka haɗiye takardu masu yawa. Ita kanta Dandy ta daina fitowa a takarda a 2012.

Muna roƙon duk mai sauran kwafi kada ya bayar a ƙulle ƙosai. A sa shi a leda, a ɗauki hotonsa, a rubuta shekara da inda aka samo shi, a turo mana nan. Dattawan da suka yi aiki a gidajen Turawan kuza ma a je a ji ta bakinsu tun suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.