Yadda Japan Ta Buɗe Ƙofarta Ga Turawa

Japan ta shafe fiye da shekara ɗari biyu tana nesa-nesa da Turawa. Tsakanin 1633 da 1639 gwamnatin soja ta gidan Tokugawa, wadda ake kiran shugabanta shogun, ta hana 'yan ƙasa fita waje, wanda ya fita kuwa in ya dawo, hukuncinsa kisa. An kori Turawan Fotugal saboda tsoron yaɗuwar addinin Kirista da mulkin mallakar da ka iya biyo bayansa. 'Yan Holan kaɗai aka bari, su ma a 1641 aka killace su a Dejima, ɗan tsibirin da aka gina a tashar Nagasaki. Ƙofar dai ba a rufe take ruf ba. Fataken Sin suna zuwa Nagasaki, ana hulɗa da Koriya ta tsibirin Tsushima, kuma ta hannun 'yan Holan littattafan likitanci da kimiyya suka riƙa shigowa.

Ta wannan hanya mahukunta suka ji yadda Ingila ta ci Sin a Yaƙin Ofiyom na 1839 zuwa 1842. Saboda haka sun san irin abin da ke gabansu ranar 8 ga Yuli 1853, lokacin da Matthew Perry na sojan ruwan Amurka ya shigo Uraga, kusa da Edo, mazaunin shogun, da jiragen yaƙi huɗu, biyu daga ciki masu tafiya da tururi. Ya kawo wasiƙar Shugaba Millard Fillmore, wanda ke neman wurin da jiragen Amurka za su ɗebi gawayin kwal da ruwa, da kariya ga matuƙan da jirginsu ya fashe, da kuma ciniki. Babban mashawarcin shogun, Abe Masahiro, ya nemi ra'ayin hakiman larduna, abin da ba a saba ba, kuma hakan ya tona raunin gwamnati. Perry ya dawo da ƙarin jirage, aka sa hannu a Yarjejeniyar Kanagawa ranar 31 ga Maris 1854, aka buɗe tashoshin Shimoda da Hakodate.

Yarjejeniyar da ta fi ciwo ita ce ta 1858, wadda jakadan Amurka Townsend Harris ya ƙulla. Ta ɗaure wa Japan hannu kan kuɗin fito, ta kuma hana kotunanta hukunta Amurkawa. Holan da Rasha da Ingila da Faransa suka samu irin wannan a shekarar. Ii Naosuke, babban jami'in shogun, wanda ya amince da yarjejeniyar ba da yardar sarkin Japan ba, an kashe shi a Edo a 1860. Kaya suka yi tsada, zinariya ta riƙa zurarewa waje, kiran a ɗaukaka sarki a kori baƙi ya bazu cikin samurai, wato ajin mayaƙa.

Lardunan Satsuma da Choshu sun gwada ƙarfi da Turawa, aka yi wa Kagoshima ta Satsuma ruwan igwa a 1863, Shimonoseki ta Choshu a 1864. Daga nan shugabanninsu suka gane cewa takobi ba zai kori baƙin ba, sai an koyi aikinsu. Su ne suka kawar da gidan Tokugawa a 1868 da sunan Sarki Meiji, Edo ta koma Tokyo. A 1871 tawagar Iwakura ta tafi Amurka da Turai don duba masana'antu da makarantu da tsarin mulki. Sai a 1899 kotunan Japan suka samu iko kan baƙi, ikon tsara kuɗin fito kuwa a 1911 ya dawo hannunta.