Tarihin Bandeji Mai Haɗin Polima da Ƙwayoyin Ƙarfe

Wannan nau'in bandeji aiki biyu yake yi a kan rauni: shimfiɗarsa tana riƙe danshi, ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinta kuma suna kashe bakteriya. Ana samo shimfiɗar daga polima ta halitta, kamar aljinet na ciyawar teku, ko kitosan na ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ko selulos. Ƙwayoyin kuwa oksaid ne na zink, ko jan ƙarfe, ko titaniyam, girmansu tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Marubuta da dama suna fara labarinsa daga shekarun 2000, kamar daga sama ya faɗo, alhali sassan biyu sun daɗe kowanne yana tafiyarsa kafin su haɗu.

Asali

Takardun likitanci na tsohuwar Masar, irin su Edwin Smith da Ebers, na wajen shekaru 1,600 zuwa 1,550 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), sun ambaci zuma da kitse da zaren lilin a matsayin maganin rauni. Masarawa sun kuma riƙa shafa koren garin dutsen jan ƙarfe. A ƙarni na 19 likitan fata ɗan Jamus, Paul Gerson Unna, ya haɗa zink oksaid da jelatin a kan bandeji don gyambon ƙafa. Wasu littattafai suna cewa a 1885 ne, wasu 1896.  Jelatin polima ce ta halitta, don haka bandejin Unna shi ne kakan haɗin da ake yi a yau.

Polimomin

Henri Braconnot ya ware kitin daga laimar kwaɗi a Faransa a 1811, Charles Rouget kuma ya fitar da kitosan daga gare shi a 1859. E. C. C. Stanford ya gano aljinet a ciyawar teku ta Sikotland a 1881. Kitosan da aljinet sun jima ba su shiga asibiti ba.

Daga 1947 zuwa 1983

A wannan zango aka aza harsashin fannin. A 1947 George Blaine, likita a sojan Birtaniya, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da kalsiyam aljinet a kan rauni, ya nuna yana tsayar da jini kuma jiki yana narkar da shi. Dalili shi ne kalsiyam ɗin yana musanya wuri da sodiyam da ke cikin ruwan ciwo, sai zaren ya zama abu mai kauri da laushi wanda ba ya manne wa nama.

Sai dai likitocin lokacin sun ɗauka cewa ciwo sai ya sha iska ya yi ɓawo kafin ya warke. George Winter ne ya rushe wannan fahimta a 1962. Ya yi ƙananan raunuka a fatar aladu, ya rufe wasu da leda ya bar wasu a buɗe, sai ya ga sabuwar fata ta fi saurin rufe waɗanda ke da danshi da kusan ninki biyu. A 1963 Hinman da Maibach suka tabbatar da haka a jikin mutane. A 1970 John Prudden da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton cewa garin kitin yana hanzarta warkewa. Aljinet, wanda aka yi watsi da shi na wani lokaci, ya dawo kasuwa a 1983 da sunan Sorbsan.

Danshi ya zo da tasa matsala, domin inda fata ke son girma nan bakteriya ma ke so. Tun 1961 aka gano a Ingila wata bakteriya da ba ta jin maganin metisilin. Wannan ya sa aka koma neman taimakon ƙarfe.

Zuwan ƙwayoyin nano

A 1985 Tadashi Matsunaga a Jafan ya nuna titaniyam oksaid yana kashe ƙwayoyin cuta idan haske ya taɓa shi. A shekarun 1990 Jun Sawai ya auna ƙarfin garin zink oksaid a kan bakteriya. Ƙanƙantar ƙwaya tana ƙara faɗin fuskar da ke taɓa bakteriya, sai ta saki ƙarfen a hankali, ta haifar da sinadarai irin su haidirojin feroksaid, ta huda fatar ƙwayar cutar. Bandejin nano da ya fara shiga asibiti shi ne Acticoat, mai ƙwayoyin azurfa, da Robert Burrell ya ƙirƙira a Kanada a ƙarshen shekarun 1990, amma shimfiɗarsa ta roba ce. A ɓangaren polima kuma, bandejin kitosan na HemCon ya samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 2002, sojojin ƙasar suka yi amfani da shi a Iraƙi da Afganistan don tsayar da jini. A 2012 masu bincike a Kochi ta Indiya suka buga aiki kan bandejin kitosan mai zink oksaid na nano, wanda suka gwada a kan ɓeraye.

Halin da ake ciki

Tun daga nan rahotanni suka yawaita, amma akasarinsu a ɗakin gwaji da jikin dabbobi suka tsaya. Ƙarfen da ke kashe bakteriya yana iya cutar da sabuwar fata idan ya yi yawa, kuma daidaita adadinsa shi ne babban abin da ya rage kafin wannan bandeji ya zama na kullum a asibitoci.